Murhun Bakin Ruwa

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Abba Gana ana tsakiyar kiran sallar magariba. Matarsa Ya Falmata tana tsugunne gaban tukunya tana turara burabusko, 'yarsu Sadiƙa kuma tana kwashe shanya daga igiya. Ba wanda ya damu. Gabukka unguwar bakin gari ce, yara sun fi kaji yawa, kuma kowannensu gani yake an haife shi maharbi. Ya Falmata ta ɗaga murya ta aika musu da abin da ya sawwaƙa ta kan katanga, ta ci gaba da aikinta.

Na biyu a tsakar gida ya sauka, a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Ƙarami ne, baƙi, mai sulɓi, kuma jiƙe yake sharkaf, alhali rabon Gombe da ruwan sama an kwana biyu. Sadiƙa ta tsaya a kansa da zannuwa a kafaɗa, ta daɗe tana kallo.

"Ya," ta ce da uwarta, "wannan ai warin bakin ruwa yake yi."

Ya Falmata ta juya ga girkinta. Wutar da ke ƙarƙashin tukunyarta ta mutu murus, ba iska, ba yayyafi.

Abba Gana masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a gaɓar tafkin Chadi. Da tashin hankali ya cinye yankinsu, ya fito da matarsa da Sadiƙa a goye, suka ratsa daji da ƙafa. Gombe ta karɓe su yadda gari yake karɓar baƙo, da zauren wani yau, da kangon wani gobe. Ya kama sayar da bandar kifi a kasuwa. A hankali ya samu ɗan fili a Gabukka, ya tayar da ɗaki biyu, bulo bayan bulo, yawanci da hannunsa bayan ya taso daga kasuwa. Ranar da aka buga kwanon rufi, Ya Falmata ta shiga ɗakin da ko daɓe ba a yi masa ba, ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Sai dai mutumin da ya tashi a cikin kwale-kwale ba ya warkewa daga ruwa. Wani mai kawo masa kifi ya ba shi labarin wani wuri can bayan dam ɗin Dadin Kowa, gaba da ƙauyen masunta na ƙarshe, inda daji ya gangaro har bakin ruwa. Babu ƙofa, babu mai gadi, babu mai tambayarka ɗan wane ne kai. Ka ɗaura tamfol ɗinka, ka kama kifinka, ka hura wutarka, ka kwana kyauta. Tun daga ranar maganar ta hana shi sakat, har bayan ƙaramar sallah ya ce su shirya.

"Baban Sadiƙa, kanka ɗaya kuwa?" in ji Ya Falmata. "Mun kwana a daji da dole, ƙaya ta cinye mana ƙafa. Yanzu kuma da ƙafarmu za mu kai wa sauro ziyara?"

Ya yi dariya, ya ce so yake yarinyar nan ta ga babban ruwa ko sau ɗaya, ta san 'yar wace ce ita. Wannan maganar ce ta kashe bakin Ya Falmata.

Wurin kuwa ya yi kyau, ba a ƙara gishiri a labarin ba. Suka ɗaura tamfol a gindin wata babbar giyayya. A nan suka tarar da murhu a shirye, duwatsu uku da suka yi baƙi ƙirin, da tsohuwar toka a tsakani, da 'yan itatuwa jingine a gefe. Abba Gana ya jefa birgin kamun kifin da ya aro, ya fito da karfasa da tarwaɗa, yana dariyar da Sadiƙa ba ta taɓa sanin yana da ita ba. Suka gasa, suka ci, suka kwanta suna jin ruwa yana taɓa gaɓa.

Mutanen wannan dajin, makiyaya da maharba da masunta, suna da al'adarsu. In ka tarar da murhu ka yi girki, sai ka bar shi yadda ka same shi, ka jingina wa na baya itace. Ya Falmata kuwa wani darasin daban ta koyo a hanyar gudu. A can, toka ce take tona asirin mutum. Da toka aka bi sawun yayarta da 'ya'yanta, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Don haka da safen da za su taho, hannunta ya yi aikinsa ba tare da ya shawarce ta ba. Ta kwarara ruwa a kan garwashin, ta binne tokar, ta share wurin da reshe. Sannan ta ce da Sadiƙa ta ɗauki duwatsun nan ta jefa su inda ruwa ya fi zurfi. Yarinyar ta jefa su ɗaya bayan ɗaya, tana murna da ƙarar faɗawarsu. Abin tausayi ne, domin ba mugunta a ciki ko kaɗan. Tsoro ne ya tsufa a jikin baiwar Allah har ya zama ɗabi'a.

Bayan magaribar farko, kowace magariba da nata. Da rana gidan lafiya lau, kamar kowane gida. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai tsuntsaye su ɗauke, shiru ya sauko mai nauyi, jiƙaƙƙun duwatsu su fara faɗowa. Daga baya aka fara jin motsi. Ana jan kaya a ɗakin Sadiƙa, ana sauke tukwane, wani jariri yana kuka can ƙasa-ƙasa, wata murya tana lallashinsa.

Maƙwabciyarsu Cordelia, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi da suka haɗa katanga da ita, ta leƙo wata safiya.

"Mama Sadiƙa, kun yi baƙi ne ba ki faɗa mini ba? Jiya ina ji kuna ta shigo da kaya."

"Ba mu yi baƙi ba, Maman Kosi."

Cordelia ta dubi idonta, ta dubi tsakar gidan, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta koma shagonta.

Sai abin ya koma kan Sadiƙa. Yarinyar da surutunta yake cika gida ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai an ɗura mata. Takan zauna a kusurwar ɗaki ta juya wa ƙofa baya, jikinta sanyi ƙalau ko da tsakar rana. Wata magariba uwarta ta shiga kai mata kunu, sai yarinyar ta juyo, ta yi magana da muryar tsohuwa, busasshiya, mai gajiya.

"Ɗaga ƙafarki. Kin taka mini jika."

Kofin ya suɓuce daga hannun Ya Falmata. An je asibiti, an auna abin da za a auna, aka ce ba a ga komai ba. An yi tofi, an yi sadakar waina, an turara duk abin da aka ce a turara. Sadiƙa dai tana ta ƙarewa a gaban idonsu, wuyanta ya yi tsawo, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Abba Gana ya daina fita kasuwa. Yakan zauna a bakin ƙofa ya zuba wa katanga ido, yana tsine wa ranar da ya ji labarin wurin nan.

Cordelia ce ta kawo sunan Malam Bobbo, wani dattijon Bafillace a unguwar Malam Inna. Ta ce tana sa Sadiƙa a addu'a a cocinsu, amma wannan abu, a ganinta, a kira wanda ya san harshensa.

Ya zo bayan la'asar, siriri, da carbi da 'yar buta. Bai yi wata burga ba. Ya saurari labarin tafiyar tun daga farko, kuma da aka zo kan murhun sai ya runtse ido ya ce, "Kash." Ya sa aka fito da Sadiƙa aka zaunar da ita a tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai tsaya ba har rana ta yi ja ta fara nutsewa. Sai yarinyar ta miƙe zaune sosai, ta gyara ɗankwalinta irin na tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Abin da kake karantawa ni ma ina karanta shi."

"To, baiwar Allah, in ke musulma ce, me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Rashin wurin kwana."

Muryar ba ta da fushi, kuma wannan ne ya fi tsorata su. Ta ce gidansu yana ƙarƙashin murhun nan tun kafin a tare ruwan. Mutane suna zuwa su yi girki su tafi, su kuma su ji ɗumin abin da aka bari, ba wanda ya taɓa cutar wani. Sai ga waɗannan sun zo, an ba su inuwa, an ba su kifi, suka tashi suka rushe gida a kan masu shi.

"Ba su sani ba," in ji Malam Bobbo. "Za su koma su kafa wasu duwatsun, su hura wuta, su nemi gafara."

"A ina? Ranar da murhun ya tashi, mutanen cikin ruwa suka hau tudu suka mamaye wurin. Sun fi mu yawa, sun fi mu ƙarfi. Da 'ya'ya da jikoki muka fito, ba mu ɗauki komai ba." Idon Sadiƙa ya juya ya sauka a kan ubanta. "Kai mai gida, ka koma naka garin?"

Abba Gana ya sunkuyar da kai.

Ya Falmata ta fashe da kuka. "Ni na zuba ruwan. Ni na sa ta. Ki sake ta ki shiga jikina, don Allah."

"Na duba ki tun a bakin ruwa. Babu wuri a cikinki, cike kike da matattunki."

Malam Bobbo ya yi tayin duk abin da ya sani. Ya ce ga kangaye a bayan gari, ga tsaunuka, ga kufai. Ta ce ko'ina da masu shi, ta gaji da raɓe-raɓe. Abba Gana ya ce su ɗauki ɗaki ɗaya su bar musu ɗaya. Ta ce an gwada, ga sakamakon nan a kan tabarma, jinsinsu da na mutane ba sa haɗa rufi ɗayan bai ƙare ba.

"Gida aka rushe mini, gida nake nema. Ko wannan mai numfashi, ko wancan mai kwano. In kun bar mini na kwano, kada a sayar, kada a ba wa wani haya. Duk wanda ya shigo, abin da ya samu yarinyar nan shi zai same shi."

Malam Bobbo ya ja Abba Gana gefe, kusa da rijiya. Ya ce ba zai ɓoye masa ba, yana iya matsa mata da karatu har ta ƙone ko ta gudu. Amma mai haƙƙi ba ta fita da sauƙi, kuma jikin yarinyar ba zai ɗauki wannan kokawa ba. Ya ce shi dai bai ga hanya ta uku ba.

Abba Gana ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya san kowace ƙusa da ke jikinsa. Ya dubi bangon da bai kai ga shafe shi ba, inda shatin yatsunsa yake a jikin siminti. Sannan ya koma ya durƙusa a gaban 'yarsa.

"Mun bar miki."

"Kafin a yi isha'i," in ji muryar. "Ku fitar da ita waje, ni zan tsaya daga ciki."

Ba su daɗe suna haɗa kaya ba, sun iya wannan aikin. Tabarmi, tukwane, buhun tufafi, sauran bandar kifi. Cordelia tana karɓa ta kan katanga tana share hawaye da gefen zani, tana cewa su kwana a shagonta tukuna, gobe Allah ya san yadda zai yi. Maƙwabta sun tsaya nesa-nesa suna kallo, ba wanda ya matso.

Abba Gana ya ɗauki Sadiƙa a hannu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yana tsallake dokin ƙofa ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ɗumi ya fara dawo mata. A bayansu ƙofar ta rufe kanta a hankali, aka ji an zura sakata daga ciki. Malam Bobbo ya yi musu addu'a a tsaye, ya ɗauki butarsa ya tafi bai waiwayo ba.

Suka zauna a kan buhun tufafi a gefen hanya, duhu yana haɗuwa. Can sai Sadiƙa ta buɗe ido. Idonta ne na gaske, muryarta ce ta gaske, 'yar siririya. Ta dubi uwarta, ta dubi kayan da ke zube a ƙasa, ba ta fahimci komai ba.

"Baba, me muke yi a waje? Na gaji. Mu shiga gida in kwanta."

Ya Falmata ta rufe fuska da mayafi. Abba Gana ya ƙara rungume yarinyar a ƙirjinsa, ya juya mata fuska daga barin ƙofar, don kada ta ga an kunna fitila a ɗakinta.