Tsamiyar Jikin Bango

Ranar Laraba, bakwai ga watan Rajab, wani attajiri ya sare tsamiyar tsakiyar gari, ya kewaye filin da bango, ya rubuta a jikinsa: "Filina ne."

Wani tsohon magini da ya saba hutawa a gindinta ya rasa inuwa. Da damina ta kawo jiki, shamuwar da ta saba yin sheƙa a kan tsamiyar ta dawo, ta yi ta shawagi, ta rasa sheƙarta.

Tsoho ya kwaɓa jar ƙasa, shi kaɗai, ya zana tsamiya da sheƙa a bangon. Attajiri ya shafe, tsoho ya sake. Ya shafe, ya sake.

Attajiri ya gaji, ya ce, "Baba, me kake nema?"

Tsoho ya ce, "Alhaji, sheƙar shamuwa ta girmi takardar filinka. Tara jama'a, ka ba shamuwa haƙuri a gabansu."