Batirin Keken Susana

Ranar Lahadi da azahar Susana ta faɗo ofishin 'yan sanda, ko kayan coci ba ta cire ba. An sace batirin kekenta na haya mai lantarki a ƙofar gidanta da ke unguwar Yelwa a Mubi.

Sufeto Gabdo ya bi ta, ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashin kujerar keken. Ɓarawon ya lanƙwasa bakin kowace waya ya ɗaure ta tam da roba, yadda ake yi wa tiyon fetur don kada ya tsiyaye. To me zai tsiyaye daga waya? Wannan hannun tsohon bakanike ne.

Ya juya kan Zira, direban keken.

"Ina kake da safe?"

"Ina coci, Oga."

"Madam ta ce ba ta gan ka ba."

Zira ya sosa ƙeya. "Gaskiya na je wajen budurwa na a Nassarawo."

"Wane bakanike ke taɓa keken nan?"

"Ai ba ya zuwa gareji. Baba Ezekiya ne dai ya dame ni da tambaya, wai yaya abu zai yi tafiya ba inji."

Duk Mubi an san Ezekiya: in ya saita maka kabureta, injinka zai rage shan mai har ka ɗauka tsafi ne. Da fetur ya yi tsada layi ake yi a garejinsa. Amma tun da kekunan lantarki suka shigo gari, layin yake ta raguwa, kuma dattijon bai iya wata sana'a ba.

Sufeto ya je garejin ya same shi zaune shi kaɗai a kan tsohuwar taya.

"Baba, ka fita yau?"

"Ko nan da can, ɗana."

Sufeto ya ɗauki wata sifana daga ƙasa. Bakinta ya narke, yatsun tsohon biyu kuma naɗe da tsumma.

"Baba, fetur ba ya narka ƙarfe."

Ezekiya ya miƙe ya yaye wani tamfol. Ga batirin nan a cikin baro, an kwance murfinsa, cikinsa ya ƙone baƙi ƙirin.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "So nake in ga cikin abin da zai kashe mini aiki, in koya, in mayar kafin a tashi coci. Da furfura na, wa zan roƙa ya koya mini?"

Tausayi ya kama Sufeto sosai. Amma batirin ya mutu, kuma da keken nan Susana ke ciyar da gidanta. Ya mayar da ankwar da ya ciro cikin aljihu, ya riƙe hannun tsohon kawai.

"Rufe garejin mu tafi, Baba."

Ezekiya ya waiga ya dubi ƙofar.

"Bar shi a buɗe, ɗana. Ba mai zuwa."