Goyon 'Yar Maƙwabciya

"Innalillahi... 'Yar wa ce wannan a bayanki?!"

Ludayin da ke hannuna ya suɓuce. Yaya ne tsaye a bakin ƙofa da rigar aikinsa ta direban bas, yana haki. Mijina ne, amma Yaya nake ce masa tun muna gida, kuma zuwa wannan ƙasar bai sauya min baki ba.

"Yi a hankali mana, yanzu ta samu barci," na ce. "'Yar maƙwabciyarmu ce. A bakin matattakala na tsince ta tana tsala kuka, ko takalmi babu. Na buga musu ƙofa, shiru..."

"Shi ne kika shigo da ita?"

"To in bar ta ta gangaro daga bene?"

Sai ya ja hannuna zuwa taga. Motocin 'yan sanda ne a ƙofar gininmu, fitilunsu na walƙiya da rana tsaka. Ga uwar yarinyar a tsakiyar titi, gashi a barbaje, tana nuna wa kowa hoto a wayarta tana ihu.



Ni fa a unguwarmu ta can gida uwar 'ya'yan kowa ake ce min. Yaro ya yi kuka, wadda ke kusa ita ce uwarsa, ta goya shi ta ci gaba da aikinta, uwar ta zo ta yi godiya. Amma mutanen nan, ko gaishe su ka yi sai su dube ka kamar ka taka musu ƙafa. Tun zuwana wannan yarinyar ce kaɗai ta taɓa yi min murmushi.

"A nan, abin da kika yi sunansa satar yaro," Yaya ya ce. "Za su ƙwace takardunki su sa ki a jirgi, in ma ba su kulle ki ba. Raba mu za a yi, amaryata!"

"Wayyo Allah! Yaya, wallahi ban sani ba..."

"Kwance ta. Maza! In mayar da ita inda kika same ta, mu rufe ƙofarmu. Ba wanda ya gani."

Har na kai hannu kan ƙullin zanen. Sai na ji numfashinta a wuyana, da ɗumi, ta damƙe bakin ɗankwalina da 'yan yatsunta.

"In ta farka ta faɗo fa?"

"Za su hauro su gan ta!"

"In ba su hauro da wuri ba fa?"

"Ke! Zamanmu kike so ki kashe?"

"Tsoro nake ji, Yaya. Amma ba zan ajiye 'yar mutane a bakin rami ba. Ni zan sauka da ita."

Idonsa ya yi jawur. Sannan ya share fuska da tafin hannu ya wuce gabana.

"Ki tsaya a bayana. Duk abin da za su yi, da ni za su fara."

Muna fitowa titi uwar ta ƙwalla ƙara ta yo kaina. Ta kama 'yarta tana fizga, zanen ya ƙi sakinta, don ni ba na goyon wasa. Da kyar na samu na kwance ƙullin. 'Yan sanda suka zagaye mu, Yaya ya ɗaga hannuwansa sama yana ta zuba bayani da yarensu, wanda ban iya komai a ciki ba sai gaisuwa.

A ofishinsu aka zaunar da mu a wani ɗaki mara taga. A nan na ji yadda abin ya faru: uwar ta sauka zubar da shara, yarinyar ta biyo ta, ƙofa ta rufe a bayanta. Wata 'yar sanda mai ƙaramin tabarau ta ajiye zanena a kan tebur cikin leda, ta yi tambaya.

Yaya ya fassara min. "Wai don me kika ɗaure ta?"

"Ɗaurewa kuma? Goyo ne fa!"

Ya faɗa mata, ta girgiza kai ba ta gane ba. Sai kawai na ga Yaya, ƙaton mutum da gemunsa, ya miƙe ya duƙa, ya ɗora jakata a gadon bayansa, ya ɗaure ta da rigar aikinsa, yana jijjigawa yana 'yar waƙar rarrashi. Hawaye na bin gemun. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi.

Matar ta cire tabarau, da alama yanzu ta gane. Kafin la'asar ta sake mu, amma da sharaɗi: kada in sake taɓa yarinyar, kada in yi mata magana, ko a hanya muka haɗu in kauce.

Washegari muna karyawa sai kukan yarinyar ya ratso bango. Na san kukan, na neman a ɗauke ta ne. Ban san sanda na miƙe ba.

Yaya ya riƙo hannuwana biyu.

"Zauna, hasken idona."

"Kuka fa take yi..."

"Na ji. Ni ma da na zo, haka na koyi jin kuka in zauna." Ya kifa goshinsa a kan hannuwana. "Ki yafe min abin da na ce ki yi jiya. Tsoron rasa ki ne."

Na koma na zauna a hankali. Tana yi a can, ina yi a nan, shi kuma bai sake ni ba har ta yi shiru.