Mai Riƙon Ƙugun Attahiru

Zinatu ta yaye labulen ɗakin gashin ƙashi na asibiti a Jega, sai ta daskare.

Ga Attahiru, wanda aka sa musu rana, zaune bakin gado, Sista Bridget ta tallabe ƙugunsa da hannu biyu.

Ashe ba ƙarya Mufida ɗiyar kawunta ta yi ba... "Hannu ya karye, amma ƙugu aka riƙo. Da ni ce ke, da na bar mata shi."

Tun da ya faɗo daga motar albasa a hanyar Maiyama, masu ɗorin Aliero suka haɗa ƙashin, amma hannun dama ya ƙi tashi. Baban Zinatu kuwa ya rantse, in damina ta faɗi hannun bai ɗagu ba, a fasa auren.

"Sista, mi ya haɗa hannu da ƙugu?"

"Zinatuna..." in ji Attahiru.

"Kai dai yi shiru."

Bridget ta yi dariya. "Amarya, zo zauna. Lanƙwashe kamar buhun da aka zazzage. To, ɗaga hannu."

Da ƙyar ya wuce kafaɗa.

"Yanzu miƙe bayanki."

Hannu ya tafi sama salin alin.

"Kin gani? Doguwar kwanciya ta kashe masa baya. In na riƙe shi, hannu na kaiwa kafaɗa. In na saki, ya zube. Abin da nake aunawa ke nan."

Ta gwada mata a jikin Attahiru. Zinatu ta ga zufa na keto masa, ta ga yatsunsa na rawa suna hawa. Kunya ta rufe ta.

"Damuwata ɗaya," in ji Bridget, "ran kasuwa kaɗai yake zuwa. Sai da mai riƙe shi a gida, safe da yamma."

"Ƙannena sun tahi Kurmi, can kudu, da albasa, Inna kuwa ba ƙarhi," Attahiru ya sunkuyar da kai. "Kar ki ɓata ƙuruciyarki a kaina, masoyiya."

Ta miƙa hannu za ta tallabe shi, sai ta janye. Ba a ɗaura aure ba tukuna.

Daga nan garin Kimba ta nufa, wurin Gwaggo Iyatu, yayar Baba, wadda ba ya ƙetare maganarta.

"Gwaggo, Baba na jiran hannu ya tashi kafin aure. Hannun kuwa mai riƙo yake jira, ni ce mai riƙon, kuma ba halin in taɓa shi."

Tsohuwa ta dube ta.

"In bai tashi ba hwa, ɗiyata?"

"Sai in zauna da shi haka nan."

Gwaggo ta jawo mayafinta.

Aka ɗaura tun kafin hadarin farko.

Washegari da hantsi Zinatu ta durƙusa gabansa, ta kama ƙugunsa yadda aka koya mata.

"Miƙe, angona."

Hannun ya taso yana makyarkyata, ya wuce kafaɗa, ya sauka a kumatunta.

"Sista ta ce iyakar kafaɗa..."

"Kar ki gaya mata," in ji shi.