Abin da Ya Haɗiye Ƙugiyar Maikano

Maikano ɗan Yawuri ne da ke aikin direba a Alƙahira, kuma kamun kifi kaɗai ke rage masa kewar gida. Wata Juma'a ya tafi bakin teku a Ain Sukhna, ya yi hayar ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, ya shiga ruwa bayan la'asar.

Gab da magariba wani abu ya haɗiye ƙugiyarsa. Sandar ƙugiyar ta lanƙwashe, kwalekwalen ya juya da kansa ya miƙi tsakiyar teku. Da farko murna ya yi, don bai taɓa haɗuwa da kifi mai wannan ƙarfin ba. Sai filafilin tuƙinsa ya suɓuce. Ya so ya saki sandar, yatsunsa suka ƙi buɗuwa. Yana ji yana gani fitilun gaɓa suka yi ta ƙanƙancewa har suka ɓace.

Can sai jan ya tsaya. Ruwan ya kwanta, wani ƙarni ya cika masa hanci. Ga wani tsoho tsaye a gabansa, ruwa iya ƙugu, a inda manyan jirage ke wucewa.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana, na wahalar da kai," in ji tsohon da Hausa, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Baba, don Allah ka cece ni. Kifi ne ya jawo ni nan."

"Na sani."

Maikano ya bi zaren ƙugiyar da ido daga kan sandar. Zaren bai nutsa cikin ruwa ba. A miƙe yake, ya tafi kai tsaye cikin bakin tsohon.