Alat a Wayar Auta

Auta na durƙushe a tsakar gida tana wanke kwanuka da toka, don rabonsu da sabulu har ta manta, sai 'yar wayarta mai ɗaurin roba ta yi ƙara. Ta goge hannu da zani ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ƙwalla kira.

"Baban Ummi! Fito ka gani! Alat ɗin kuɗi ne wallahi!"

Mijinta Dogo ya fito daga ɗaki yana tari, hannunsa dafe da ƙirji. Duk shekara da an gama girbi yakan tafi nesa aikin fasa dutse, ƙurar wurin ce ta bar masa wannan tarin. Ya karɓi wayar ya zuba mata ido.

"Ashe da gaske mutanen nan suke?"

Watannin baya wasu ma'aikatan agaji suka zagaya ƙauyen suna ɗaukar sunayen matan gidajen da ba su da ƙarfi, suka ce za a riƙa turo musu tallafi duk wata. Babu wanda ya yarda. Ga shi yau ya shigo.

Tun daga ranar gidan ya canza. Tukunya ta koma hawa murhu safe da yamma. 'Yarsu Ummi ta samu takalmi, ta daina ɓuya idan yara za su tafi makaranta. Auta ta sayi 'yan awaki, ta fara karɓo wa Dogo magani a kemis. Wata rana da hantsi tana miƙa masa ruwan shan maganin ta ce, "Bana ba za ka koma dutsen nan ba. Ka ji ko? Na gaji da kwana da fargaba."

Ya yi murmushi. "To ranki ya daɗe, na ji."

Auren so suka yi, tun ba su da komai sai tabarma da juna, kuma a ƙauyen kowa ya san haka.

Sai dai labarin kuɗi ba ya ɓoyuwa. Yaya, wan Dogo, yana da injin niƙa, shi ya sa ba a sa gidansa cikin masu karɓa ba, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Ya daɗe yana son sayen babur. Ya yi ta zuga mahaifiyarsu har ta kira Auta da Dogo ɗakinta.

Auta ta durƙusa daga bakin ƙofa. Inna ba ta ko amsa gaisuwarta ba.

"Ki ciro layin wayar nan ki ba yayanku. Shi ne babba, shi zai riƙa juya kuɗin."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Auta. "Duk abin da kike buƙata ki faɗa, in Allah ya yarda zan yi. Amma kuɗin nan da shi muke ci, da shi yake shan magani. Idan na bayar, aikin dutse zai koma."

Yaya ya kwashe da dariya. "Kin ji ko, Inna? Da shi *yake* shan magani! Kai Dogo, ashe ajiye ka aka yi ana kiwo kamar awakin? Mijin-ta-ce kawai!"

"Ni ban haifi ɗan da mace za ta ci da shi ba," in ji Inna, ta juya musu baya.

Dogo ya tashi ya fice. Daga ranar ya daina zama majalisa, don da ya doso sai a fara, "Yallaɓai, an yi alat kuwa?" Ya daina karɓar maganin daga hannun Auta. Da aka gama girbi, ta dawo daga rijiya da safe ta tarar yana ɗaure kayansa a buhu.

"Ina za ka?"

"Inda maza ke zuwa."

Ta saki bokitin, ruwa ya malale a ƙasa. "Don Allah, Baban Ummi! Ga wayar — ka riƙe, ka ba Yaya, ka jefa a rijiya in ka so! Kai dai kada ka tafi!"

Ya ɗauke kai don kada ta ga idonsa. "Ki riƙe abinki, Auta. Ba ki yi laifi ba. Ni ne ba zan iya zama ana nuna ni da baki ba."

Ya fita yana tari, Ummi na bin sa da kuka har bakin hanya.

Watannin da suka biyo baya sun yi wa Auta ɗaci. Aka ce ita ta kore shi da gori. Inna ta hana ta shiga ɗakinta, duk da haka kullum sai ta zuba abinci ta ajiye mata a ƙofa. Idan ta kira Dogo a waya, sai ya ce lafiya lau yake, alhali tana jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Ta rage cin nata, tana adana abin da ya saura.

Wata ranar kasuwa motar ɗaukar dutse ta tsaya a ƙofar gidan. Abokan aikinsa biyu suka sauko da shi a hannu, ya rame kamar ba shi ba, gaban rigarsa duk jini.

Inna ta fito ba ko mayafi. "Wayyo ɗana! Ku kira yayansa!"

Yaya ya zo, ya sosa ƙeya, ya ce injinsa ya lalace, hannunsa babu komai. Auta ba ta tsaya sauraronsa ba. Ta kora awakinta kasuwa ta sayar, ta haɗa da ajiyarta, ta ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Zai rayu, amma huhunsa ɗaya ya lalace, shi da aikin ƙarfi har abada.

Da Dogo ya farfaɗo ya ga Auta zaune a gefen gado tana yi masa fifita, sai hawaye suka zubo masa.

"Kin gaya mini, ban ji ba. Yanzu ga abin da ya rage miki, rabin mutum."

"Kul ka sake faɗar haka!" Ta riƙe hannunsa. "Rabin nan ya ishe ni. Shi nake so."

Inna da ke rakuɓe a kan benci ta taso da ƙyar, ta dafa kafaɗar surukarta. "'Yar nan, bakina ne ya kai shi can. Ki yafe mini."

"Haba Inna, ni 'yarki ce." Suka rungume juna suna kuka.

Dogo bai sake ɗaga guduma ba. Da tallafin da ya ci gaba da shigowa suka kafa ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida, shi ke zama, ita ke zuwa sari. Idan wani ya tsokane shi, yakan ce, "E, ita ta ce. Da na ji tun farko, da huhuna biyu."

Ku da ke tasowa, ku lura. Alherin da ya shigo gida ta hannun mace ba ya rage wa namiji daraja. Maganar mutane kuwa, ranar da ka kwanta ba za ta kai ka asibiti ba, sai wanda ya yi haƙuri da kai don yana ƙaunarka.