Zaren Hular Inna

Ku matso. Ladidi, rage fitilar nan. Wannan ba a bakin wani na ji ba. Ni Yayanku Tanimu abin ya faru da ni, kuma wallahi har yau kunya nake ji.

Kun san da ɗinkin hula Inna ta ciyar da mu. Shekarar da kanta ya gama furfura ta ɗinka mini wata, rabi farin ƙyalle, rabi baƙi, ta bi ta da zare ruwan toka. Na ɗaga ta a gaban matan gida. Na ga zaren ya yi duhu a kan farin, ya yi haske a kan baƙin.

Na ce, "Haba Inna! Zare kala biyu? Idonki ya tafi, ki ajiye allura."

Aka kwashe da dariya. 

Washegari, ina dawowa daga kasuwa dab da magariba, na yanke ta hanyar tsamiya. Hular na aljihuna, na ƙi sa ta. Wurin tsit, ko tsuntsu babu. Sai ga wata mata zaune a gindin tsamiyar. Na yi sallama, ba ta amsa ba.

"Samari, kawo hular."

Bakinta bai motsa ba. Daga bayana muryar ta fito.

Na miƙa mata. Ta kama bakin zaren da farce, ta ja. Ya taho ta kan farin, ya taho ta kan baƙin, bai tsinke ba. Ta ɗora mini a tafin hannu.

"Kala nawa?"

"Ɗaya."

"To idon wa ya tafi? Kusa da fari ka ga duhu, kusa da baƙi ka ga haske. Zuciyarka ce ta rina shi, ba tsohuwa ba."

Kunya ta sa na sunkuyar da kai. A nan na ga ƙafafunta. Kofato ne, irin na jaki.

Ban san sa'ad da na kai gida ba. Na zube gaban Inna, na nuna mata zaren, na ce ta yafe mini.

Ta juya shi a hannu, ta ce, "Da ka ɗaga hular jiya, ni ma biyu na gani, ɗan nan. Idonka ya fi nawa. Na riga na kyautar da allurar."

Na yi mata rantsuwa zaren kala ɗaya ne, na yi kuka. Har ta koma ga Allah ba ta sake ɗinki ba.

Ladidi, daina leƙen ƙofa. Kada wanda ya kuskura ya bi ta tsamiyar nan shi kaɗai. Ni ba kofaton ke hana ni barci ba. Zaren ne, ga shi nan a aljihuna.